Nutsuwar Ɗan Wasa a Fili da Yadda Ake Auna Ta

Akwai wani yanayi da 'yan dambe, 'yan kokawa da 'yan ƙwallo kan shiga idan wasa ya yi daɗi: ihun 'yan kallo ya ɓace musu, jiki ya riƙa aiki ba tare da dogon tunani ba, lokaci ya wuce ba su sani ba. Masanin halayyar ɗan Adam Mihaly Csikszentmihalyi ya bayyana shi a 1975, ya kwatanta shi da gudanar ruwa. Yakan zo ne idan ƙarfin abokin karawa ya yi daidai da gwanintar mutum. Idan abokin ya fi ƙarfinsa sai tsoro, idan bai kai shi ba sai sakaci.

Yadda masana ke aunawa

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da zai tabbatar da wannan yanayi. Abin da aka fi dogaro da shi takardar tambayoyi 36 ce da Susan Jackson da Herbert Marsh suka fitar a 1996, wadda ɗan wasa ke amsawa bayan an tashi, yana ba kowace tambaya maki 1 zuwa 5. Rauninta shi ne wanda ya yi nasara yakan tuna wasan da daɗi fiye da yadda ya kasance. Shi ya sa masu bincike ke haɗawa da awon bugun zuciya da na sinadarin damuwa a cikin miyau.

Masanin Rasha Yuri Hanin ya nuna cewa kowane ɗan wasa yana da nasa mizanin tsuma. Duk wanda ya kalli dambe ko kokawar kaka a ƙauyukan Gumel, Gagarawa, Sule Tankarkar ko Maigatari ya san haka. Wani sai makaɗi ya kaɗa masa takensa, ya yi kirari jikinsa na rawa, sannan ya yi kisa. Wani kuwa wannan tsumar ce ke sa shi gaggawa har a buge shi.

Ana iya gano mizanin mutum a gida. Kafin kowace karawa a ƙirga bugun jijiyar wuyan hannunsa na minti ɗaya, ya kuma faɗi ƙarfin tsumarsa daga 0 zuwa 10. Bayan wasa a rubuta yadda ya taka, ba nasara kawai ba. Bayan karawa goma ko fiye, a duba lambobin ranakun da ya fi kyau.

Abin da iyali za su kula da shi

Ƙwaya ba ta kawo nutsuwa. Tramadol yana dushe zafin ciwo, yana rage saurin tunani, yana iya jawo farfaɗiya da jaraba, kuma hukumar yaƙi da ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024.

Haka kuma, ɗan damben da ya sha bugu a ka, ya ce bai tuna yadda turmin ya ƙare ba, ba nutsuwa ya yi ba. Wannan alamar girgizar ƙwaƙwalwa ce, kada ya koma fili ran nan. Idan akwai amai, ciwon kai mai ƙaruwa, ruɗewa, yawan barci ko suma, a kai shi Babban Asibitin Gumel ko asibiti mafi kusa ba tare da jinkiri ba.