Yadda Teku Ya Sauya Bakin Mutanen Liverpool

Wanda ya saba zama gidan kallon ƙwallo ya san muryar Jamie Carragher, ɗan Liverpool, ko da idonsa a rufe yake. In gardama ta haɗa shi da Gary Neville, ɗan yankin Manchester, sai ka rantse ba ƙasarsu ɗaya ba, alhali tsakanin Liverpool da Manchester tafiyar kamar kilomita 50 ce kawai.

Da can ba haka abin yake ba. Har farkon ƙarni na 19, mutumin Liverpool yana magana ne kamar maƙwabtansa na Lancashire. Tashar jiragen ruwa ce ta raba su. Lokacin da cutar dankali ta jefa Ailan cikin yunwa daga 1845, mutane suka yi ta tsallakowa, har kusan 300,000 suka sauka a tashar a 1847 kaɗai. Wasu suka wuce Amurka, marasa kuɗin jirgi suka tare a unguwannin bakin ruwa. Ƙidayar 1851 ta nuna fiye da kashi 20 cikin ɗari na mazauna birnin haifaffun Ailan ne. Ga 'yan arewacin Wales masu neman aikin gini, ga matuƙan jirgi. 'Ya'yansu da suka tashi a lungu ɗaya su suka gauraya waɗannan bakuna. Sunan wannan sabon karin harshe ma, Scouse, daga lobscouse ya fito, wani faten nama da dankali da matuƙan ke ci.

Mai son gane shi ya kasa kunne ga ƙarshen kalma. Ɗan Liverpool kan goga "k" ɗin "back" a maƙogwaro, kamar almajiri na furta خ. Yakan sassauta "t" ɗin "what" har ta koma huci. "Fair" da "fur" duk ɗaya ne a bakinsa, kuma muryarsa kan ɗaga a ƙarshen jimla kamar mai tambaya. Inda ya yi tarayya da Manchester da Leeds shi ne "bus", wadda duk suke faɗa da "u".

Mawaƙan Beatles suka kai karin nan duniya a shekarun 1960, amma nasu mai laushi ne. Maimakon rediyo da talabijin su goge shi, sai ƙara kauri ya yi a bakin matasa. A saurari tsohuwar hirar John Lennon na Beatles, sannan a saurari Carragher, za a ji tazarar.