Asalin Sunan Washington

A can arewa maso gabashin Ingila, kusa da kogin Wear, tsakanin garin Durham da Newcastle, akwai wani tsohon ƙauye da mutanen dā ke kira Wessyngton. Wasu masana harshe sun ce sunan ya samo asali ne daga wani mutum mai suna Hwaesa, ma'anarsa kuwa gidan gonar mutanen Hwaesa. Kamar dai a ce Unguwar Wane ko Gidan Wane. Yau da gobe baki ya yi ta goge sunan har ya koma Washington.

A wancan zamani Turawan Ingila ba su da sunan dangi mai bin zuriya. Mutum da sunansa na yanka kawai, in an so bambanta shi da takwaransa sai a haɗa da sana'arsa, ko sunan ubansa, ko garinsu. Bayan Normandawa sun ƙetaro daga Faransa sun ci ƙasar a 1066, sai manyan masu ƙasa suka ɗauki al'adar kiran kansu da sunan gandunsu, suna sa kalmar "de" a gaba, wato "na". Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, shi da ya san Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Bambancin shi ne, a Ingila sunan ya liƙe wa zuriya, har jikokin da ba su taɓa taka ƙauyen ba suka ci gaba da amsa shi.

To, wajen shekarar 1180 akwai wani mai ƙasa da ake kira William de Hertburn, saboda gandunsa yana Hartburn. Babban limamin coci na Durham, Hugh de Puiset, wanda a lokacin ikonsa ya yi kusa da na sarki a wannan yanki, ya so ya haɗa Hartburn da filayensa. Suka yi musaya: William ya ba da Hartburn, aka ba shi Wessyngton. Littafin Boldon, wanda aka rubuta a 1183 don ƙididdige dukiyar limamin, ya ajiye sharuɗɗan. William zai riƙa biyan fam 4, kuma duk sa'ad da limamin ya fita babbar farauta, sai ya bi shi da karnuka biyu. Da ya tare a sabon gandu, sai ya yar da tsohon suna ya zama William de Wessyngton. Da a ce cinikin nan bai faɗa ba, wataƙila da yanzu babban birnin Amurka Hartburn ake ce masa.

Zuriyar ta yi rassa. Wani reshe ya koma yamma, yankin Lancashire, daga can kuma aka sami Lawrence Washington, attajirin fataucin ulu, wanda ya riƙe magajin garin Northampton har sau biyu. Lokacin da Sarki Henry na Takwas ya ƙwace filayen gidajen sufayen coci yana sayarwa, Lawrence ya sayi gandun Sulgrave wajen 1539, ya gina gida. Har yanzu tambarin dangin yana bisa ƙofar gidan: ratsi biyu da taurari uku. Shi ne aka ɗauka a 1938 aka yi tutar gundumar babban birnin Amurka. Akwai masu cewa tutar Amurka kanta daga nan aka kwaikwayo ta, amma wannan zancen fatar baki ne, daɗin ji kawai ya sa ya yaɗu.

Abin da ya tsallakar da sunan teku kuwa, karayar arziki ce. Wani daga cikin zuriyar, shi ma Lawrence, limamin coci ne a ƙauyen Purleigh na yankin Essex. Da yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin sarki da majalisa, ya tsaya a bayan sarki. A 1643 mutanen majalisa suka tuɓe shi, suka laƙa masa laifin yawan zama a mashaya, ya ƙare rayuwarsa cikin talauci. Ɗansa John, da ya ga ba gadon da zai jira, sai ya shiga aikin jirgin ruwa mai jigilar taba daga Virginia ta Amurka. A 1657 jirgin ya kafe a kogin Potomac da lodinsa. John ya yi zamansa a can, ya auri Anne, 'yar wani mai gona Nathaniel Pope, surukin ya ba su eka 700 kyautar aure. John ya haifi Lawrence, Lawrence ya haifi Augustine, Augustine ya haifi George a 1732. Tattaɓa-kunnen mutumin da jirginsa ya kafe shi ne ya ja rundunar da ta raba Amurka da mulkin Ingila, ya kuma zama shugaban ƙasa na farko a 1789. A 1791 aka sa wa sabon babban birni sunansa, a 1889 kuma aka karɓi jihar Washington cikin tarayya.

Shi ƙauyen na asali yanzu ya zama gari a ƙarƙashin Sunderland, da masana'antar motocin Nissan a gefensa. Tsohon gidan dangin yana nan ana kai masa ziyara, har shugaba Jimmy Carter ya je a 1977.

George Washington bai bar ɗa na cikinsa ba. Duk da haka ƙidayar Amurka ta shekarar 2000 ta sami mutum sama da 163,000 masu amsa sunan, kuma kashi 90 cikin ɗari baƙar fata ne. Ba wani sunan dangi sananne a ƙasar da ya kai shi yawan kason baƙaƙe cikin ɗari. Kuskure ne a ɗauka dukkansu jikokin bayin gidan George ne, ko da yake ya mallaki bayi, ya kuma bar wasiyyar a 'yanta nasa na kansa. Abin da ya fi yawa shi ne, da aka soke bauta a 1865, mutanen da a dā ba a rubuta musu sai suna guda suka sami damar zaɓar na biyu, da yawa kuma suka ɗauki sunan da ya fi kowanne nauyi a ƙasar. A ganina wannan ba kwaikwayo ba ne, neman haƙƙi ne, wato su ma 'yan ƙasa ne.

Booker T. Washington, shahararren malamin nan da ya shugabanci makarantar Tuskegee tun kafa ta a 1881, ya ba da labarin yadda ya sami nasa. An haife shi cikin bauta, Booker kaɗai ya sani. Ranar da ya fara shiga aji ya ji malami yana kiran suna, kowane yaro da suna biyu, wasu har uku. Kafin a zo kansa ya gama shawara, da aka tambaye shi ya ce Booker Washington. Daga baya ne ya ji ashe tun yana jariri uwarsa ta raɗa masa Taliaferro, sai ya sa shi a tsakiya.