Jaridun Nijar: Wa Ya Rubuta, Wa Ya Karanta, Wa Ya Ajiye?

Tarihin jarida a Nijar tarihin mulki ne. Duk wanda ya jera tsofaffin jaridun Yamai bisa shekarunsu, zai iya gane ranar da mulki ya sauya hannu ko da bai karanta labarin ba, don hoton da ke shafin farko kaɗai ya isa ya faɗa masa.

A zamanin Diori Hamani, gwamnati tana da jaridarta ta kullum mai suna Le Temps du Niger, jam'iyyar PPN-RDA kuma ita kaɗai ce a fili, tun da aka haramta Sawaba ta Djibo Bakary a 1959. Saboda haka abin da jarida ta buga shi ne abin da fada ta yarda a sani. Da Seyni Kunce ya hamɓarar da Diori ranar 15 ga Afrilu 1974, sai aka sauya wa jaridar suna ta koma Le Sahel, sunan da take amsawa har yau, tare da ƙanwarta ta mako-mako, Sahel Dimanche. Suna ya canza, hali bai canza ba. Soja ko farar hula, wanda ke kan kujera shi ne mai shafin farko. Duk da haka ba na raina ta. In kana neman ranar da aka naɗa wani minista, ko abin da majalisar ministoci ta yanke, ko ranar da aka buɗe wata hanya, a nan za ka samu. Abin da ba za ka samu ba shi ne muryar wanda bai yarda ba.

Wannan murya ta samu takarda ne a 1990. A ranar 9 ga Fabrairun shekarar, jami'an tsaro suka buɗe wuta a kan ɗalibai masu zanga-zanga a gadar Kennedy, uku suka rasu. 'Yan watanni bayan haka Ibrahim Cheick Diop ya fito da Haské, jarida mai zaman kanta ta farko a wancan sabon yanayi. Ku lura, sunan na Hausa ne, amma abin da ke ciki Faransanci ne. A 1991 Maman Abou ya kafa Le Républicain, a shekarar da aka yi babban taron ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba. Daga nan jaridu suka yi ta tsirowa kamar ciyawar farkon damina: Anfani, Le Démocrate, La Roue de l'Histoire, daga baya L'Événement da Le Canard Déchaîné, can Agadas kuma Aïr Info. Wasu sun rayu, wasu da yawa bugu kaɗan suka yi suka ɓace.

To ina suka karkata? A nan ba a raba jaridu da aƙidar hagu da dama kamar a Faransa. Rabon guda ne: kana tare da masu mulki ko kana tare da 'yan adawa. Wani lokaci dangantakar a fili take, kamar La Roue de l'Histoire wadda mai ita a lokacin, Sanoussi Jackou, ya kasance shugaban jam'iyya. Wani lokaci kuma sai ka bi kanun labarai na 'yan watanni kafin ka gane inda aka dosa. Dalilin ba boyayye ba ne. Masu saye kaɗan ne, talla kuma mafi tsoka tana hannun gwamnati da kamfanoninta, ga kuɗin takarda da na ɗab'i. Jaridar da cinikinta bai ciyar da ita ba, dole ta nemi inuwa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ya sa in mulki ya juya, sai ka ga mai zagi jiya ya zama mai yabo yau.

Amma zalunci ne a ce dukansu 'yan amshin shata ne. Akwai waɗanda suka biya da 'yancinsu. A 2006, zamanin Tanja Mamadu, an ɗaure Maman Abou da abokin aikinsa bayan jaridarsu ta yi ta tona yadda aka yi da kuɗin ilimin firamare. Irin wannan gwagwarmaya ce ta kai ga dokar 2010 da ta cire ɗauri daga hukuncin laifin aikin jarida, ta kuma sa ranar 30 ga Nuwamba ta zama ranar 'yancin 'yan jarida a ƙasar.

Masu karatu fa? Ma'aikatan gwamnati, malaman makaranta, ɗaliban jami'a, 'yan siyasa da ofisoshin jakadanci, akasarinsu a Yamai. Kwafi guda yakan zaga hannu goma a ofis ko a fada wurin shan shayi. Manomin Madarunfa ko mai sayar da fata a kasuwar Damagaram ba ya cikin lissafi. A nan muka bambanta da maƙwabtanmu, waɗanda tun 1939 suka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. Mu ma hukumar yaƙi da jahilci ta taɓa buga ƙananan jaridun karkara cikin harsunan gida, amma ba su zama jaridun ƙasa ba. Abin da ya cike giɓin shi ne rediyo. Mu masu gabatar da sharhin jaridu da Hausa mu ne gadar. Kuma na san nauyin wannan aiki: kanun da na zaɓa, da kalmar da na fassara shi da ita, su ne jaridar gaba ɗaya ga mai saurare.

Saura batun ajiya, wanda ya fi damuna. Takardun zamanin Turawa da yawa suna Dakar da Aix-en-Provence ta Faransa. Na bayan 'yancin kai kuma ana neman su a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Yamai da ɗakin karatu na cibiyar bincike ta IRSH. Jaridar gwamnati tana da hukuma a bayanta. Amma jarida mai zaman kanta da ta mutu, sau da yawa tarinta yana cikin kwali a gidan mai ita, inda gara da ƙura da yoyon damina ke jiransa. Takardar jarida kuwa ba ta da ƙarko, zafi kaɗai yana mayar da ita garaje. In aka bari haka, jikokinmu za su gaji bakin gwamnati kawai, su rasa bakin waɗanda suka ja da ita.

A 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. In da gaske ake, ga aiki a gabanmu: a tattara waɗannan jaridu tun magadansu suna riƙe da su, a ɗauki hotonsu a adana cikin kwamfuta, a ajiye Le Sahel kusa da Haské na mako guda, sannan a fassara muhimman shafuka a karanta wa jama'a a rediyo. Mutanen da aka yi shekaru ana rubutu a kansu suna da hakkin su ji abin da aka ce.