Tarihin Tashoshin Jirgin Ƙasa a Arewacin Najeriya

Tashar jirgin ƙasa, wadda tsofaffi suka fi kira reluwe, ita ce wurin da jirgi ke tsayawa ya sauke fasinja da kaya, ya ɗauki wasu. A Arewacin Najeriya tarihinta ya soma ne da aikin dogon Baro zuwa Kano, tsakanin 1907 da 1911. Daga wancan lokaci zuwa tashoshin zamani na Idu da Rigasa an sauya gini, an sauya faɗin dogo, an bar kwal an koma man dizal. Abin da ya fi shafar matafiyi kuwa yana nan yadda yake: inda aka kafa tashar, da wanda aka yi la'akari da shi wajen kafa ta.

Asali

Kafin babban dogo, Lugga, shugaban mulkin Turawa a Arewa, ya sa an shimfiɗa wani ɗan siririn layi tsakanin 1901 da 1902 daga Zungeru zuwa Barijuko a bakin kogin Kaduna, don a riƙa kai wa hedikwatarsa kayan da jiragen ruwa suka kawo. Babban aikin ya zo ne a hannun magajinsa, Sir Percy Girouard, injiniyan dogo ɗan Kanada, wanda ya riƙe Arewa daga 1907 zuwa 1909. An faro daga Baro a gaɓar kogin Kwara, aka bi ta kusa da Bida, sannan ta Minna da Kaduna da Zariya, tsawon mil 356. Ƙarfen ya isa Kano a watan Maris na 1911, aka buɗe wa jama'a a 1912. A shekarar ne kuma aka haɗe wannan layi da wanda ya taso daga Legas suka zama hukuma ɗaya. Faɗin dogon ƙafa uku da inci shida ne, an zaɓe shi saboda araha.

Sarakuna aka ɗora wa nauyin tara leburori. Nufawa da Gbagyi da Hausawa ne suka haƙa ƙasa suka ɗauke ta da kwando a ka, da yawansu ba da son ransu ba. Da kuɗin Turawa ake biyansu, ta nan sulalla suka fara ratsa ƙauyukan da wuri kaɗai suka sani.

Turawa ba su ɓoye manufarsu ba. Auduga suke nema wa masaƙun Ingila, shi ya sa aka kafa injin gurzarta a Zariya. Manoman Kano kuwa suka duba farashi suka ga gyaɗa ta fi riba, suka koma mata, kuma ita ce ta cika taragu tun daga kakar 1912. Wannan ya bayyana yadda aka tsara tasha. An fara tanadar wa buhu wuri: sikeli, sito, filin jibge kaya, da reshen dogo da ke shiga har ƙofar kantunan kamfanoni irin su John Holt da Kamfanin Neja. Dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita, wadda ake jingina fara ta ga Alhaji Alhassan Ɗantata, buhuna ne masu jiran tarago. Idan dala ta daɗe a tsaye, alama ce jirgi ya kasa kwashewa.

Tasha ta haifi gari

Ba a shigar da dogo cikin tsofaffin birane ba. A Kano an ajiye tashar bayan ganuwa, ta gabas, kusa da Fagge. A Zariya an kafa ta da tazara daga birni. Mutanen da aiki ya kawo, akawuna da makanikai da direbobi daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas, wato Ghana ta yau, aka yanka musu Sabon Gari a gefenta. Ba a jima ba kasuwa ta biyo su. Saboda haka duk da an kafa tashar nesa da jama'a, jama'a suka taso suka same ta, har ta koma tsakiyar hada-hada.

Wasu garuruwan ma dogon ne ya yi su. Minna ta girma ne don nan layin Baro da na Legas suka haɗu. Kaduna ta karɓi hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, kuma zamanta a kan dogo na daga cikin dalilan zaɓenta. Kafanchan ta zama mararraba da layin Gabas ya iso daga Fatakwal da Inugu a tsakiyar shekarun 1920. Akwai kuma wanda dogon ya ɗaga ya sake: da aka gama gadar Jebba jirgi ya riƙa wucewa Legas kai tsaye, sai Baro ta fara dusashewa.

Rassa sun biyo baya ɗaya bayan ɗaya, kowanne da amfanin da yake nema. Ƙaramin layin Zariya zuwa Jos da Bukuru, wanda aka gama a 1914, don kuza aka yi shi, kuma an rufe shi a 1957. Na Zariya zuwa Ƙaura Namoda, ta Funtuwa da Gusau, ya kammala a 1929, na Kano zuwa Nguru a 1930. Na ƙarshe shi ne na Borno, wanda ya ratsa Bauci da Gombe ya isa Maiduguri a 1964. Sakkwato da Katsina da Yola ba su samu ba.

Zaman fasinja

Ƙaramar tasha ta wancan zamani ba ta da wuyar kwatantawa, don kusan duk zubi ɗaya ne. Gini ne mai rufin kwano da baranda, da 'yar taga inda ake sayar da tikiti, da ofishin shugaban tasha mai wayar tangaraho, da allo ɗauke da sunan gari. Can gefe ga tankin ruwa bisa ƙafafun ƙarfe, inda kan jirgi mai amfani da kwal ke shan ruwa. Bayan tasha ga jerin gidajen ma'aikata. Taragun fasinja aji uku ne. Na ɗaya, mai gado da wurin cin abinci, a farko kusan na Turawa ne kaɗai. Talaka aji na uku yake shiga, a kan bencin katako, shi da ƙunshinsa da tabarmarsa da butarsa.

Abin da hukuma ba ta tanada ba, mutanen gari suka tanada. Da an jiyo kukan jirgi daga nesa, 'yan talla sun jeru a bakin dogo. Jirgi na tsayawa tire-tire za su ɗaga zuwa tagogi: dafaffen ƙwai, rake, ƙosai, fura da nono a ƙwarya, tsire a takarda, ruwan sha a tulu. Ciniki ta taga ake yi, cikin sauri, wani lokaci jirgi ya motsa yarinya na bin sa da gudu don karɓar kuɗinta ko miƙa canji. 'Yan dako na kokawa da huhun goro, wani na neman inda zai yi alwala kafin a busa usur. Da dare kuwa acibalbal ce ke haska wannan kasuwa ta minti goma. Akwai ƙauyukan da rabin abincinsu a kan tsayuwar nan yake, kuma ya kamata a lissafa waɗannan mata da yara cikin waɗanda suka riƙe tashoshin Arewa, ko da ba su cikin littafin albashi.

Ma'aikatan dogo su ne suka fi kowa ƙarfin ƙungiya a ƙasar. Su ne ƙashin bayan yajin aikin gama-gari na 1945, wanda Michael Imoudu ya yi fice a cikinsa. A 1955 aka mayar da sashen dogo na gwamnati ya zama Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya mai cin gashin kanta, kuma daga wajejen nan injunan dizal suka fara maye gurbin na kwal.

Koma-baya

A 1964 jiragen ƙasar Najeriya sun ɗauki fasinja fiye da miliyan 11. Shekara goma bayan haka adadin bai kai miliyan 5 ba. Rikicin 1966 ya kori ƙwararrun ma'aikata 'yan Gabas da yawa daga tashoshin Arewa, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya katse layin Gabas. Kuɗin fetur ya tafi ga tituna, tirela ta ƙwace kaya, bas ta ƙwace fasinja, gyaɗar ma ta ja baya. An ɗauko kamfanin RITES na Indiya ya riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, aka ɗan ga sauƙi, suna tafiya abu ya koma gidan jiya. Rufin tashoshi ya yaye, ciyawa ta cinye dogo, 'yan kasuwa suka baza kaya a kan ƙarfe, aka yi gine-gine a filayen hukuma. A Disamba 2012 aka dawo da jirgin Legas zuwa Kano bayan gyara, tafiyar kilomita 1,126 da ke cin fiye da awa 30.

Sabbin tashoshi

Ranar 26 ga Yuli 2016 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe layin Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186, wanda kamfanin CCECC na Sin ya gina da bashin bankin ƙasarsu. Dogon mai faɗi ne, milimita 1,435, don haka ba ya haɗuwa da tsohon. Ya tashi daga Idu, ya bi ta Kubwa da Jere da Rijana, ya tsaya a Rigasa. Ta fuskar gini an samu ci gaba na gaske. Akwai zauren jira da kujeru, da banɗaki, da wurin salla, da binciken kaya a ƙofa, kuma tikiti na ɗauke da lambar kujera. Da garkuwa da mutane ta yi ƙamari a titin Abuja zuwa Kaduna, sai manya da ƙanana suka koma jirgi. Kujeru suka yi kaɗan, 'yan bumburutun tikiti suka samu kasuwa, har aka ɓullo da saye ta intanet a Janairu 2021.

Sai dai tsohuwar matsalar ta dawo. Idu unguwar masana'antu ce can gefen Abuja. Rigasa na yammacin Kaduna, nesa da tsohuwar tashar da ke cikin gari. Mai son jirgin safe daga Kawo ko Barnawa dole ya fito da asuba ya nemi tasi ko keke mai ƙafa uku. Idan ya sauka a Idu, direbobi za su yi masa caa a bakin ƙofa, kuma kuɗin da zai biya zuwa cikin gari kan yi kusa da na tikitin kansa. Tashar Kubwa ta fi sauƙi ga mutane da yawa don kawai tana cikin jama'a. A da gari kan taso ya sami tasha a hankali, cikin shekara ashirin ko talatin. Ma'aikacin da ke son isa ofis da ƙarfe tara ba shi da wannan lokaci.

Ranar 28 ga Maris 2022 'yan bindiga suka dasa bam a kan dogon Abuja zuwa Kaduna kusa da Katari, suka buɗe wa jirgin dare wuta, suka kashe aƙalla mutum 8, suka tafi da fiye da 60. Na ƙarshen waɗanda aka kama ba su dawo gida ba sai a Oktoba. Tashoshin suka zauna a rufe har 5 ga Disamba, kuma da aka buɗe an tsaurara tantance fasinja da lambar shaidar ɗan ƙasa.

Jirgin cikin birnin Abuja ya nuna matsalar nisan tasha da jama'a ƙarara. An ƙaddamar da shi a Yuli 2018 da tashoshi 12, ya haɗa tsakiyar birni da Idu da filin jirgin sama, amma wasu tashoshin ba su da titin da zai kai mutum gare su. Ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona. Sai da aka yi wa tashoshin hanyoyi da wuraren ajiye motoci kafin Shugaba Bola Tinubu ya sake buɗe shi ranar 29 ga Mayu 2024, aka kuma fara da ɗaukar mutane kyauta.

Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 ya ba jihohi ikon shimfiɗa nasu dogon, abin da a da na gwamnatin tarayya ne ita kaɗai. A 2021 an aza harsashin layuka biyu: na Kaduna zuwa Kano, da na Kano zuwa Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, wanda kamfanin Mota-Engil ke yi, mai tsawon kusan kilomita 284, da reshe zuwa Dutse. Zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, garuruwan da dogon Turawa bai taɓa ratsawa ba, a kan hanyar da fatake suka daɗe suna bi da jakuna da raƙuma.