Tsakiyar Garin Jos: Daga Bukkokin 'Yan Kuza Zuwa Yau

Jama'a, Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Yaranmu da yawa an haife su a Gangare ko Dilimi, amma ka tambaye su yadda aka yi unguwar ta kafu, sai su yi zuru. To, ga kaɗan daga ciki.

Kuza ce mafarin komai. Wajen 1904 Turawan kamfanin Neja suka kafa sansani a Naraguta, a ƙasar da Anaguta da Jarawa da Birom suke zaune tun kaka da kakanni. Aikin haƙa yana son hannu, sai lebura suka yi ta kwararowa daga Kano, Katsina, Bauchi da Barno. Bayansu kuma ga fatake, mahauta, maɗinka da malaman allo. A gefen rafin Dilimi suka kafa bukkoki, nan ne tsakiyar gari a yau.

Abin da ya mai da zango birni shi ne jirgin ƙasa. A 1914 ƙaramin layin dogo ya iso daga Zariya, a 1927 kuma babban layi ya haɗa Jos da Fatakwal a bakin teku. Turawa suka raba gari biyu: ɓangaren da Bature ke riƙe da kansa, da garin 'yan ƙasa a ƙarƙashin En'e, inda Hausawa suka fi yawa. Sarakunan Hausawa suka riƙe wannan ɓangare har zuwa ƙarshen shekarun 1940, bayan an naɗa Rwang Pam Sarkin Birom a 1947. Dubi sunayen mazaɓunmu: Ali Kazaure, Ibrahim Katsina, Garba Daho, Abba Na Shehu, Sarkin Arab. Kowane suna shaida ne.

Da kasuwar kuza ta faɗi a 1985, ciniki ne ya riƙe unguwar, musamman babbar kasuwar Taminus. Amma fa an sha wuya. Bayan ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, gardamar wane ne mai gari ta yi tsanani. Aka yi rikici a Afrilun 1994, da Satumbar 2001, da Nuwambar 2008, da Janairun 2010. A Fabrairun 2002 gobara ta cinye kasuwar. Maƙwabtan da suka shekara hamsin katanga ɗaya suka rabu, kowa ya koma cikin nasa.

'Yan'uwa, dattawan da suka ga zamanin kuza da idonsu saura ƙalilan. A zauna da su, a rubuta abin da suka sani, a adana tsofaffin takardun fili da rasiɗin haraji. A kuma gaya wa yara gaskiya duka: kakanninmu sun gina wurin nan, amma ba su kaɗai ba. Allah Ya jiƙan magabata, Ya zaunar da Jos lafiya, amin.