Daga Yamai zuwa Jidda: Tafiyar Shekaru ta Koma ta Awoyi



Tsakanin Yamai da Jidda akwai kimanin kilomita 4,000 ta sama. Maniyyaci yakan tashi daga filin jirgin Diori Hamani, cikin awa biyar zuwa shida sai ga shi a ƙasa mai tsarki. To, kafin jirgi ya zo, yaya kakanninmu suka ci wannan nisa?

Sarakunan da, irin su Mansa Musa na Mali a 1324 da Askiya Muhammadu na Songai wajen 1496, ta hamada suka bi zuwa Alƙahira, sannan Makka. Amma tun daga ƙarni na 19 hanyar gabas ta zama ta talakawa. Mutumin Tawa, Maraɗi ko Damagaram yakan nufi Barno, ya kewaye tabkin Cadi, ya bi ta Abeshe, ya shiga Darfur ta Alfashir, ya wuce Al'ubayyid har bakin kogin Nilu. Daga can sai Sawakin, inda ake shiga jirgin ruwa a ƙetare Bahar Maliya.

Duk wannan a ƙasa, ko bisa jaki da raƙumi. Guzuri ba ya kai mutum, shi ya sa ake tafiya ana yada zango: a yi damina a wani gari, a yi noma ko ɗinki ko koyar da allo, a tara ɗan abin hannu, a ƙara gaba. Wani ya yi shekara uku, wani bakwai. Kafin ya bar gida sai ya biya bashi, ya bar wasiyya, ya nemi gafarar kowa, don ba tabbas ya komo.

Kuma da yawa ba su komo ba. Wasu ƙishirwa da cuta suka ɗauke su. Wasu suka zauna Sudan, musamman da aka buɗe gonakin kaɗa na Jazira a 1925, suka yi aure suka hayayyafa. Garin Mai Wurno na bakin kogin Nilu, mutanen Sarkin Musulmi Attahiru da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi. Har gobe akwai Hausawa a can, kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 bai bar su ba.

Zuwan mota da jirgin ƙasan Sudan ya mai da shekaru watanni. Bayan samun ƴancin kai a 1960, Nijar ta shiga cikin ƙasashen da suka kafa kamfanin Air Afrique a 1961, sannu a hankali jirgin sama ya karɓe aikin. Yanzu wuyar ta koma wajen kuɗin kujera, da biza, da jiran layi.

Ƴan uwa, ranar da Allah ya kira ɗayanmu, in jirgi ya lula gabas, ya tuna ta wannan nahiya kakanni suka taka da ƙafa. Ya yi musu addu'a, ya haɗa da dangin da suka rage a hanya. In kuwa akwai tsohon alhaji a unguwarku da ya je ta mota, ku je ku zauna gabansa, ku rubuta labarinsa tun yana da rai.

Allah ya kira mu baki ɗaya, amin.