Daga Land Rover Zuwa Land Cruiser: Tarihin Motocin Daji Masu Shan Gas

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Da yawa daga cikinmu mazauna birane mun san halin da mutum kan shiga idan tafiya gida ta kama shi a tsakiyar damina: kwalta ta ƙare, laka ta soma, ƙaramar mota ta kafe. A irin wannan lokaci ne mai hali kan fara tunanin sayo babbar jif mai shan man dizal, wato gas, daga ƙasar waje, ko kuma ya sauke injin fetur ɗin tasa ya ɗora mata na gas. Kafin a kwance bakin jaka, ya kamata mu san inda waɗannan motoci suka fito, da abin da ya sa iyayenmu suka amince da su.

Wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel ne ya ƙirƙiro injin, ya kuma samu nasarar tayar da shi sosai a shekarar 1897. Bambancinsa da na fetur shi ne ba ya buƙatar fulogi ya kunna mai. Iska yake matsewa har ta ɗau zafi, sai a fesa mata mai ya kama da kansa. Wannan ne ya sa yake da ƙarfin ja ko da ana tafiya a hankali, ga tsimin mai, amma fa ga nauyi da ƙara.

Motar daji ta farko da ta yi suna a ƙasar Hausa ita ce Land Rover, wadda aka fito da ita a Ingila a 1948. Da fetur ta fara, sai a 1957 aka yi mai injin gas. Da ita Turawan mulki, da ma'aikatan En'e, da malaman gona da na dabbobi suke rangadi a ƙauyukan da hanyarsu ba ta wuce ta jakuna ba. Dattawanmu har yau Landiroba suke ce mata. A ƙarshen shekarun 1970 har harhaɗa ta ake yi a kamfanin Leyland da ke Ibadan.

Daga Japan kishiyarta ta ɓullo. Kamfanin Toyota ya ƙera motar dajinsa a 1951, ya raɗa mata suna Land Cruiser a 1954, ya kuma yawaita masu shan gas a shekarun 1970. Duniya ta shaida juriyar motocin Toyota a 1987, lokacin da sojojin Chadi suka yi amfani da su a cikin hamada suka fatattaki dakarun Libiya masu tankokin yaƙi. A 1990 aka fito da injin nan mai suna 1HZ, mai silinda 6 da girman lita 4.2, wanda famfon mansa ba ya dogara da kwamfuta. Shi ne injin da makanikai suka fi so, domin da sifana da basira ake gyara shi.

Shigo da irin waɗannan motoci ma yana da nasa tarihin. A ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka motar da aka ƙera domin titunan Ingila ko Japan, mai sitiyari a dama, ta zama ba ta dace da hanyoyinmu ba. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kasuwar motocin hannu da ake kira Kwatano ko Beljiyam ta buɗe. A watan Janairun 2017 kuma gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, sai ta tashar jiragen ruwa.

Babban abin da ya sauya shi ne lissafin mai. A ƙarshen 1994 litar fetur Naira 11 ce, ta gas kuwa Naira 9, ga shi injin gas ya fi nisan zango da lita guda. Riba biyu ke nan. Daga baya gwamnati ta sakar wa kasuwa farashin gas, shekaru da dama kafin ta janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023. A tsakanin nan gas ya zarce fetur tsada, musamman a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren. Sababbin injinan gas kuma sun koma hannun kwamfuta, ba sa jure gurɓataccen mai ko wanda ruwa ya shiga, kuma idan nozul ya lalace, bakaniken ƙauye ba shi da yadda zai yi.

Sauya inji shi ma ba cire wannan a ɗora wancan ba ne kawai. Sai an duba ko giya za ta karɓi sabon injin, a sake mazauninsa, a wanke ko a canja tanki da bututun mai, a sa batir mai ƙarfi, a kuma ƙarfafa ƙafafun gaba saboda ƙarin nauyi. Wanda ya tsallake ɗaya daga ciki don neman sauƙi zai gane cewa araha ba ta ado.

Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne, iyayenmu sun so motar gas ne domin manta yana da sauƙin kuɗi, gyaranta kuma yana kusa. Duk ɗan'uwan da ke shirin sayo mota domin zuwa gida, ko domin ɗaukar marasa lafiya zuwa asibiti, sai ya fara tambayar kansa abu uku: ina zai sami mai mai tsabta, wa zai gyara masa, kuma a wace kasuwa ake samun kayan gyaran. Idan amsar duk a birni take, to motar za ta yi kwanan watanni a gindin bishiya. Allah Ya kai mu gida lafiya, Ya kuma nuna mana ranar da ƙaramar mota za ta isa ƙofar kowa a tsakiyar Agusta.